Kwanon da Ya Nufo Wuyan Baba Iro

Talata da dare, farkon damina, Funtuwa

Bayan la'asar hadari ya haɗo, manoman da suka zo sayen iri suka cika mini shago. Maimakon su matsa ciki, sai suka jeru jikin gilashin gaba suna murnar ruwan shuka. Baba Iro na Danja har goshi ya manna.

Ni na fara hango fallen kwanon. Iska ta ɓalle shi daga rumfar mai shayi, ya nufo mu yana juyi. 

Ya sari gilashin daidai wuyan Baba. Gilashin ya tsattsage, amma bai zube ba, robar da ke tsakiyarsa ta riƙe shi. Da gilashin da nake da shi bara ne, da yanzu muna zaman makoki.

Baba ya shafa wuyansa ya ce, "Hajiya, da sauran kwana. Auna mini masarar, gobe akwai shuka."

Na auna, rabi na zubewa ƙasa. Shi ya tafi da irinsa. Ni kuwa da na rufe ido sai in ga kwanon nan yana tahowa.