Jirgin da Bai San Gabas Ba

Alhamis da dare, 12 ga Maris, 2015

Kwanana tara ina aikin kuku a jirgin ruwan nan mai tafiya da iska. Mun jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, kusa da wani tsibiri mai itatuwan kwakwa. Yau na ta da sallar la'asar ina fuskantar gabas sak. Ashe iska tana juya jirgi a kan igiyarsa. Ko da na sallame, sai ga ni ina kallon gajeren wandon da mai jirgi ya shanya. Na sake sallar, na ƙare a gaban bokitin kifi.

Raina ya ɓaci. A garinmu Gummi ko makaho ya san gabas!

Na kira Inna na kai ƙara. Ta ce, "Mi ya hana ku ɗaure shi ga icce?" Na ce, "Inna, babu icce cikin teku." Ta ce, "To, Allah na ganin zuciyarka. Amma jakin Babanka ya fi jirgin ga tarbiyya."

Yanzu na idar da isha'i. Ni na yi niyyata, jirgi ya yi tasa.