Inda Aka Kwantar da Farha

Surabaya, 12 ga Janairu, 2009

Zuwa ga 'yata Mozel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Ventje da yaran. Ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da sawun kaza. Da ma ni ɗan aji huɗu ne, yanzu kuma da hagu nake yi, don ubanki mai wayo ya karya hannun dama.

Ga yadda aka yi. Ranar Juma'a masu zanga-zanga kan yaƙin Gaza suka bi ta bakin layinmu suna ƙona tuta, suna tsine wa Yahudawa. Sai na tuna da mezuza, 'yar takardar Attaurar nan da kakanki ya kafa a jikin ƙofa, wadda na shafe da fenti har sau uku. Shekara arba'in ba wanda ya kalle ta, amma ran nan gani na yi kamar tana ihu. Na jira maza suka tafi masallaci, na hau kujera da guduma in cire ta. Ashe kujerar ta fi ni tsufa. Na sauko ban shirya ba.

Maƙwabcinmu Haji Matrawi ne ya tsince ni da aka taso daga Juma'a. Ya loda ni a becak, keken haya mai ƙafa uku, zuwa asibiti, yana tafe yana faɗa. Ya ce me nake nema a sama, na ce gara. Ya ce, "Pak Hasan, ka ga sakamakon tsallake Juma'a." Na ce na gani. Kin san a layin nan ba a san ni da Haskel ba, Pak Hasan ne ni, Musulmi malalacin salla.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, don ba magana ce ta waya ba, bangonmu siriri ne. Likita ya ce ciwon hantar Mamanki ya wuce magani. Makonni ya ce, bai ce watanni ba. Ta sani. Jiya ta riƙe hannuna mai lafiyar ta sa na rantse mata abu uku: in kai ta kusa da mahaifinta a 'yar kusurwarmu ta maƙabarta, matanmu su yi mata wanka, maza goma su tsaya su yi mata Kadish, addu'armu ta mamaci.

Na rantse. Rantsuwa ba ta taɓa yi min wuya ba. Amma kin san katinmu. Lokacin da aka ce kowa ya zaɓi addini a katin shaida, namu ba ya cikin jerin, sai na rubuta mana Musulunci ni da ita, tunda shagon agogona a tsakiyar Musulmi yake. Farha ta koma Farida. Na dawo gida ina yaba wa kaina har kwana uku. To yanzu in zan kai ta wurin mahaifinta, sai na buɗe baki na gaya wa mai unguwa da Haji ko su wane ne mu. A makon da taron jama'a suka garƙame ɗakin ibadarmu da kwado.

Ki gaishe da yaran. Ki ce kakansu ya yi dambe da kujera, kujera ta ci.

Ubanki,
Haskel

Manado, 19 ga Janairu

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina yi maka sannu da hannu. Na karanta wasiƙarka a ɗakin malamai, sai da na fita waje. Baba, don Allah ka rage raha. Mama ce ke mutuwa.

Ka kawo ta nan. A Manado ba mai ɓuya. Mutane suna liƙa tauraron Dauda a motocinsu. Fasto Pangalila na cocin su Ventje, ranar da ya ji ni Bayahudiya ce sai da ya tashi tsaye ya kama hannuna biyu, ya ce mu ne zaɓaɓɓun Allah. Na yi masa maganar Mama, ya ce coci tana da fili, kada mu damu. A nan ba wanda zai ƙona mana gida.

In kuwa ba za ka zo ba, ka gaya wa Haji. Shi ya kai ni makaranta a babur ranar farko, matarsa Bu Sumi ce ta huda min kunne. Shekara talatin kuna shan kofi a benci ɗaya. In har yanzu ba ka san ko shi wane ne ba, me kuke cewa a bencin?

Ka sumbaci Mama a goshi a madadina.

'Yarka mai biyayya,
Mozel

Surabaya, 27 ga Janairu

Mozel 'yata,

Bayan gaisuwa. Hannu yana ƙaiƙayi a cikin filasta, likita ya ce alamar sauƙi ce. Mamanki kuwa ta daina cin komai sai ruwan shinkafa.

Na karanta mata wasiƙarki. Da na zo wurin fasto ta buɗe ido, ta ce kada in kuskura. Ta ce za su jira ta yi barci su yayyafa mata ruwan baftisma, ta farka a lahira ba ta san kowa ba. Kada ki ji haushi, mijinki mutumin kirki ne. Amma ke ba ki yi makarantar Turawan Holan ba. Ni na yi. Duk Ista sai yara sun tare ni a bayan aji su ce ni na kashe Ubangijinsu. Ina ɗan shekara tara, ko kaza ban taɓa yankawa ba. Malamin yana kallo ta taga. Shi ya sa ilimina ya tsaya a aji huɗu, ko da yake lissafi ma ya taimaka. Yanzu kin ce suna tashi mana tsaye. Na gode musu. Sai dai na lura mai son namu irin wannan, so yake mu zama shi. Na bakin titi kuma so yake mu ɓace. Ni da kakanninki mun rasa wanne ya fi gaggawa, shi ya sa muke yi wa kowa murmushi muna kulle ƙofa.

Kin ce in gaya wa Haji. Na gwada, wallahi na gwada, kin ga har rantsuwarsu ta kama bakina. Ranar Lahadi na yi aski, na sa riga mai kyau, na same shi a benci. Na ce Haji, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ya ce bismilla. Sai ga talabijin ɗin mai shayi ta nuno wani uba ɗauke da ɗansa a cikin farin ƙyalle. Haji ya yi kuka, kuka na gaske, gemunsa ya jiƙe. Ni ma na yi, don yaron bai kai ƙaramin ɗanki ba. Sannan ya goge ido ya ce da zai ga Bayahude ɗaya a gabansa, bai san abin da hannunsa zai aikata ba. Ya juyo ya ce, wace magana ce? Na ce masa agogonsa yana gudu da minti biyar.

Da yamma shi ne ya ɗauko katifar ɗakinsa, mai laushin, ya kawo wa Mamanki. Bu Sumi kuwa kullum ita ke goge mata jiki, tana juya ta kamar jaririya. Ba Haji nake tsoro ba, Mozel. Haji in yana shi kaɗai, ɗan'uwana ne. Haji zai gaya wa mutum ɗaya cikin mamaki, wannan ya gaya wa biyar, ran Juma'a su zama dubu, kuma a cikin dubun ba wanda na taɓa gyara wa agogo.

Na ƙirga mazanmu da suka rage a garin nan. Huɗu ne har da ni, ɗaya ba ya gane matarsa ma. Matan da suka iya wankanmu, ɗaya ce, tana Jakarta wurin ɗanta. Duk da haka zan faɗa. Bari ƙurar ta ɗan lafa.

Ubanki jarumi,
Haskel

Manado, 2 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Mama ta fi ni gani. Na koma wurin fasto in ji batun filin, ya ce da farin ciki, sai dai maƙabartar ta 'yan coci ce, ko Mama za ta karɓi baftisma tukuna? Ya ce abu ne na minti biyar, kuma babbar shaida ce ga jama'a a ga uwa daga zuriyar Ibrahim ta dawo gida. Yana faɗa yana murmushi. Na yi godiya na fito. Ban gaya wa Ventje ba.

Na sami izini daga makaranta, zan zo ranar takwas ga wata. Ka faɗa wa Haji kafin in iso. In ba ka iya ba, ni zan faɗa, kai ka tsaya a bayana.

'Yarka,
Mozel

Surabaya, 13 ga Fabrairu

'Yata,

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Kwana uku kika yi a gidan nan cikin mata, da aron ɗankwalin Bu Sumi a kanki, ba ki ce min ko sannu ba. Ban ga laifinki ba. Ga abin da na kasa faɗa miki ido da ido.

Ranar Alhamis da safe, kwana uku kafin ki iso, na fita sayo mata maganin ciwo. Layi ya yi tsawo. Ina dawowa, tun daga bakin titi na ji lasifikar masallaci tana sanar da rasuwar Ibu Farida, matar Pak Hasan mai agogo. A lasifika na ji mutuwar matata, da ledar magani a hannuna.

Kafin in kai ƙofa an kafa rumfa, an jera kujeru. A hannun Bu Sumi ta cika. Mata sun riga sun ɗora ruwa, likkafani kuwa na Bu Sumi ne na kanta, wanda ta ajiye tun dawowarta daga Makka. Haji ya rungume ni ya ce in zauna, kada in ɗaga ko tsinke, an riga an fara haƙa. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan aikinmu ne."

Lokacin faɗa ke nan. Na sani. Na buɗe baki, na dubi layin ya cika da maza, wasu na sani, wasu ban taɓa gani ba, har da samarin da suka riƙe tuta a watan jiya. Na tuna kina tafe, za ki sauka a wannan layin. Ko kuwa kaina na tuna, na laƙa miki. Na ce, na gode Haji.

Bayan azahar aka yi mata salla. Na tsaya a sahun gaba da filastata. Sun fi mutum sittin. Yayin da suke kabbara ni kuma ina Kadish a cikin baki, na ce Ubangiji, goma ka ce, ga sittin, ka zaɓa da kanka. Ban sani ba ko ya yi dariya. Aka kwantar da ita tana fuskantar alƙibla. Na duba taswirar ɗanki da ya bari a nan, daga Surabaya Makka da Urushalima kusan hanya ɗaya ce, in mutum bai cika bincike ba. Da wannan nake lallashin kaina.

Kwana bakwai suna zuwa bayan magariba suna yi mata addu'a. Ni kuma ina zaune a ƙasa ba takalmi, ba aski, kamar yadda namu suke zaman makoki. Liman ya ce bai san ina da tsoron Allah haka ba. Ba wanda ya taɓa yi min alheri irin na mutanen nan, kuma ban taɓa jin tsoro irin na makon nan ba.

Tsakaninta da mahaifinta tafiyar rabin awa ce a becak.

Ubanki,
Haskel

Surabaya, 10 ga Maris

Mozel,

Gaisuwa. An cire filasta, hannun ya fito siriri kamar na wani.

Haji ya ce shi zai sa a sassaƙa dutsen kabari kafin kwana arba'in, kyauta daga layinmu. Gobe da hantsi zai zo da mai sassaƙa. Ya ce in rubuto sunanta cikakke da na mahaifinta, kada a yi kuskure, don dutse ba ya gogewa.

Abu uku na rantse mata, ban cika ko ɗaya ba. Abin da ya rage da zan iya biyanta shi ne sunanta. Na rubuta Farha 'yar Sasson, da haruffanmu, yadda kakanki ya koya min. Na kuma rubuta ɗayan sunan, Farida, a wata takardar. Duka biyun suna aljihun rigata, kuma kin san ubanki.

In kin ji shiru, ki kira Bu Sumi.

Haskel