Ina Tsoron Numfashina

Bauchi, Agusta 1957

Zuwa ga maigidana Zakka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Ina fata kana lafiya. Ni da jaririyarmu Mary muna nan ƙalau.

Murar nan da ake ta labari ta shigo gari. An rufe makarantu, kasuwar Wunti ta zama kamar kufai. A gidan hayarmu ma ta shiga. Toma, ɗan maƙwabciyarmu Dorcas, ya kwanta da zazzaɓi da tari, bai tashi ba. Duba-gari ya zo ya ce ba shiga ba fita sai ya ba da izini. Shi nake miƙa wa wasiƙar nan ta saman katanga. Kada ka taso yanzu, ko ka zo ba za su bar ka ka shiga ba.

Taka,
Liatu

*

Baban Mary,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Jikinmu lafiya, amma zuciyata ba lafiya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Tun rasuwar Toma barci ya ƙaurace mini. Ina jin tari a ɗakin nan, in duba Mary, in tarar tana barcinta. Babu mai jin tarin sai ni. Wani abu yana ta raya mini cewa cutar tana cikin ƙirjina, numfashina ne zai kashe yarinyar. Na ɗaure bakina da ƙyalle. Na wanke hannu da toka har fatar ta tsage. Yanzu ko ɗaukarta ina tsoro. Nakan matse nono a ƙoƙo in ba ta da cokali, ita tana kuka tana neman jikina. Ta rame, Zakka.

Dorcas kuwa, da na ji motsinta a tsakar gida sai in sa sakata. Ko gaisuwar rashi ban yi mata ba. Jiya na fita ɗibar ruwa, sai na tsinci kaina tsaye a bakin rijiya, guga a hannu, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf, ban san tun yaushe nake wurin ba.

Don Allah kada ka gaya wa Mama a Bogoro, za su ce iskoki ne. Ka yi mini addu'a.

Liatu

*

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na karanta har takardar ta yi laushi.

Ran Lahadi da hantsi Mary ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni kuwa ina rakuɓe a lungu na toshe kunnuwa. Dorcas ta yi ta bugun ƙofa har sakatar ta ɓalle. Na ce mata ta fita kada in shafa mata cuta. Ba ta saurare ni ba. Ta ɗauki Mary, ta kwance ƙyallen bakina da hannunta, ta ɗora mini ita a ƙirji. Ta ce, "Maman Mary, nawa ya tafi, ko na kira ba zai amsa ba. Taki ga ta nan tana kiranki." Yarinyar ta kama nono kamar za ta cinye ni. Muka zauna a ƙasa, ni da Dorcas, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun tuni.

Ta dawo da tabarmarta ɗakinmu. Ban warke ba, kada in ruɗe ka. Har yanzu ina jin tarin. Amma in na ji, sai in tambaye ta, ta kasa kunne ta ce babu, ni kuma in yarda da kunnenta.

Duba-gari ya ce an kusa buɗe gida. In ka zo, kada ka tsorata da ramata, kada kuma ka ce in daina tunani. Ka zauna kusa da ni kawai. Ka riƙo wa Dorcas zane mai kyau.

Matarka mai jiranka,
Liatu