Kwana Casa'in na Shagon Baffa Awwalu

Zuwa ga Gwaggona Hure,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka a Kano. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki. Mu nan Makka alhamdu lillahi. Umma lafiyarta ƙalau. Ƙanwata Basma ta sauka, an sami namiji, an sa masa Marwan, matata Mujahida tana can unguwar Shisha tana taya ta jego.

Na rubuto ne maimakon waya don maganar ta ƙi fita a bakina. Kin san shekara tara ke nan ina aiki a unguwar Rusaifa, a ofishin wani lauya, Ustaz Rakan. Aikinmu hayar shaguna da cinikin gine-gine, ni in tsara takarda, shi ya duba ya sa hannu. Wata uku da suka wuce wani kamfani ya sayi wani tsohon bene a unguwar Zahir zai rushe ya gina otal, aka ce in rubuta wa 'yan haya goma sha ɗaya takardar tashi. A fayil gini ba shi da fuska, lambar fili ce kawai. Na rubuta shida. A ta bakwai na ga sunan yayanki, Baffa Awwalu. Gwaggo, ban tsaya ba. Na buga sunan, na duba ko na yi kuskuren harafi, na wuce zuwa ta takwas.

Washegari na ɗauko yarjejeniyar hayarsa ina neman kafar da zai tsira. Ashe ni na rubuta ta da hannuna shekara biyar baya, lokacin da ya sabunta haya. A ciki akwai sharaɗin cewa in an sayar da ginin, ɗan haya zai tashi cikin kwana casa'in. Haka muke sawa a kowace takarda, ban ko lura ba. A wancan lokacin Baffa ya tambaye ni ko komai daidai ne, na ce masa ya sa hannu kawai. Ustaz Rakan ya karanta sau biyu, ya ce babu kafa, ya ce ko a ba wani fayil ɗin. Na ce masa ai na riga na gama.

Ni na kai wa Baffa takardar tashin da kaina. Na same shi tsakanin buhunan kuka da kanwa da daddawa, inda ya zauna shekara talatin da huɗu. Ya sa na karanta masa da Larabci, na sake da Hausa. Ya tambayi wanda ya tsara, na ce ni ne. Ya jinjina kai, ya ce dama zanen aro ba ya rufe katara, sannan ya juya ya auna wa wata mata barkono. Ranar Alhamis ya kawo makullai ofishinmu, ya bi layi kamar kowa, ni na karɓa na ba shi takardar shaida.

Tun daga nan ina cin abinci, ina barci, ina zuwa Harami. Ina jiran abin ya yi mini zafi, shiru. Shi kuwa kullum da safe sai ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya zauna a falo har azahar. Don Allah ki riƙa kiransa. Ba sai kin taɓo shago ba, ku yi hirar mutanen da.

Ki gaida Malam Kabo, da Asma da yaranta, da Iya Nasiha in tana gane mutane. Umma da Mujahida suna gaishe ki. Na gaya wa Baffa zan rubuto miki, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ki, in kuma gaya miki ɗanku ya iya aiki.

Naki,
Hudaifa