Wushiryar da Likita Ya Toshe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya, sai godiya.

Na bi maganarki. An cire haƙorin gaban nan da ya dame ni shekara huɗu. Na duba littafina, sau goma sha ɗaya ya kumbura min leɓe. Likita ya huda ƙashin ya dasa wata 'yar kusa, ya ce sai ƙashi ya riƙe ta, nan da wata uku, sannan a ɗora sabon haƙori. Yanzu da giɓi nake yawo, abokan aiki a sito suna ta tambayata ko iska ba ta damuna.

Lahadi na je wurin Inna. Mantuwar ta ƙaru. Auta da ke jinyarta ma yanzu "yarinyar nan" take ce mata. Amma ina buɗe baki ta kama haɓata, ta ce, "Wushirya, a wannan shekarun kake famfara?" Ta yi dariya har da tari. Ni kaɗai na rage mata, Yaya.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Wushirya

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na daɗe ban rubuto ba, kin kuma san ba halina ba ne.

An ɗora haƙorin ranar tara ga wata. Ba ciwo, ba kumburi. Sai dai likita ya faɗaɗa shi har ya haɗe da na kusa, wushiryar ta tafi. Ba zan ce bai tambaye ni ba. Ya tambaya ranar da ya ɗauki awon bakina, bakin cike da wani abu kamar ƙulli, ya ce tunda gyara muka zo mu gyara gaba ɗaya. Na tuna kin ja min kunne kada in yi wa likita gardamar nan tawa, sai na gyaɗa kai. Tambaya bakwai na rubuta kafin in je: tauna, buroshi, ruwan sanyi. Ko ɗaya ba ta taɓa wushirya ba. Kullum ina duba shafin.

Da na shiga ɗakin Inna na yi mata murmushi. Ta daɗe tana kallon bakina, sannan ta ja mayafi ta ce Auta ta kawo wa baƙo ruwa. Na faɗi sunana, na faɗi naki, na faɗi na Baba. Ta ce, "Sannu, malam. Ko ka san ɗana mai wushirya? Ya daina zuwa."

Lahadi uku ke nan. Auta ta ce ta rage cin abinci, ƙofa take kallo. Na koma wurin likita, ya yi dariya ya ce rufewa ake zuwa yi, ni ne na farko da ya zo buɗewa. Zai sake wani, amma sai nan da mako shida. Ban san me zai rage a ƙwaƙwalwar Inna nan da mako shida ba.

Jiya na kasa jurewa, na ce mata ɗanta ne ya aiko ni, yana gaishe ta. Ta shiga murza bakin zanenta. Can ta ce in gaya masa ta yafe masa.

Na ga saƙonki kan hoton da na turo, kin ce yanzu na zama mutum. Na gode.

Ƙaninki,
wanda kuke kira Wushirya a da