Wankan Jego a Hawa na Biyar

Talata, 1 ga Oktoba, 1996. Yerimaram, Potiskum.

Bismillahi. Wanda littafin nan ya faɗa hannunsa ya yi mini afuwa, ban rubuta don in ɗora wa kowa nauyin karantawa ba. Bokon nawa ma na yaƙi da jahilci ne, hannuna sai ya riƙa son komawa ajami. Tun rasuwar maigidana Malam ba ni da wanda nake faɗa wa abin da ke raina, shi ya sa.

Jibi zan kama hanyar Kano, daga can sai jirgin Masar. Autata Muhsina tana Alƙahira da mijinta Auwal. Shi yana karatu a Azhar, ita tana makarantar mata. Cikinta na fari ya tsufa. Da a nan take da tuni ta dawo ɗakina goyon ciki, to likita ya hana ta hawa jirgi, sai ni zan bi ta. Ƙanena Sajo ya sayar mini da bijimi da karsana a kara, aka yanki tikiti. Maganar da muka ajiye da mahaifin Auwal ita ce, in ta yi arba'in in taho da ita da abin da ta haifa, su zauna wurina har mijin ya gama. Yayata Ya Kaka har ta sa an shafe ɗakin da farar ƙasa.

Ita Muhsina ba a tambaye ta ba. Me za a tambaya?

Asabar, 5 ga Oktoba. Alƙahira.

Na iso lafiya, alhamdu lillahi. A filin jirgi wani ma'aikaci ya kwance ƙullin daddawata, ya sunsuna, ya rufe da sauri ya yi mini nuni in wuce. Kanwar ko taɓa ta bai yi ba.

Gidansu hawa na biyar ne, ɗaki biyu. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda mutum zai taka ƙasa. Da na ji abin da Auwal ya biya mai tasi daga filin jirgi na juya shi naira a raina, ya kai mutum Kano daga Potiskum har da canjin tsire a Azare. Na ce masa kada a sake ɗaukar mini tasi.

Auta ta rame a wuya. Ta ce, "Inna, lafiyata ƙalau, ke dai."

Talata, 8 ga Oktoba.

Gurasarsu ce kaɗai mai araha. Kirish biyar, wato 'yan kwabbansu, kuma tana da ƙosarwa. Nama kuwa kallonsa ake yi. Larabcin da na yi wa Malam hidima na tsinta a zaure, a nan ba ya aiki sai a sallama da masallaci.

Juma'a, 11 ga Oktoba.

Ta sauka lafiya. Mace. Allah na gode maka.

Litinin, 14 ga Oktoba.

Na fara mata wanka, safe da yamma. A gida da tuni an jibge ice a ƙofar ɗaki, tukunya na tafasa, ganyen maina, wato darbejiya, ko'ina sai ka tsinka. A nan ruwan a kan gas nake dafa shi, tukunyar miya uku kafin bokiti ya cika. Mainar da na taho da ita ta bushe ta zama gari a jaka.

Maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, Ummu Sayyid, ta shigo da wani kunu mai maiƙo da riɗi a kai, wai shi masu jego ke sha a nan. Mace ce mai jiki da babbar murya. Ta leƙa banɗaki ta ga tururi, ta dafe ƙirji ta yi ta zuba. Auta ta fassara mini tana dariya: wai tambaya take ko dafa 'yar zan yi. Na ba ta kunun kanwa ta ɗanɗana. Ta shanye, ta miƙo kofin.

Juma'a, 18 ga Oktoba.

Suna. Murjanatu. Ɗalibai 'yan gida sun haɗa kuɗi aka yanka ɗan rago a wurin mahauci, ban ga jininsa ba. Na yi kewar guɗar Ya Kaka.

Lahadi, 20 ga Oktoba.

Gas ya ƙare tun bai kai lokacinsa ba. Na ji Auwal a kan matakala yana ciniki da mai gas ƙasa-ƙasa don kada in ji. Da ya shigo na ce zan biya. Ya sunkuyar da kai. "Haba Inna, ki rufa mini asiri." Yaron kirki. Amma na lura ya daina hawa mota zuwa makaranta, takalminsa ne ya faɗa mini.

Na yanke shawara cefane ya dawo hannuna. Akwai kasuwa mai araha can gaba, kuma a hanyarta Auwal ya ce akwai bishiyoyin turare, ganyensu zai yi wanka.

Laraba, 23 ga Oktoba.

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na shiga ƙaramar bas ni kaɗai, Auta ta rubuta mini sunan wurin a takarda. Babu yaron mota. Na zauna a tsakiya, kuɗina a hannu, ina jiran a zo karɓa. Sai wani dattijo a bayana ya miƙo mini rubu'in fam na kuɗinsu ta gefen kafaɗa. Na duba kaina, mayafina wankakke ne. Na ce a raina baƙar fata ya gani ya ɗauka mabaraciya ce. Raina ya sosu, amma Malam ya sha faɗa mana ba a mayar wa mai alheri hannunsa. Na karɓa, na ce jazakallahu khairan, na ƙulle a bakin mayafi. Sai wani ma ya miƙo. Sai wata mata. Na yi ta karɓa ina addu'a, ina mamakin tausayin mutanen garin nan.

Can direba ya fara faɗa yana duba madubi. Na baya suka amsa masa da faɗa, kowa yana nuna ni. Wata budurwa da ke gefena ta riƙe hannuna a hankali, ta kwance ƙullin, ta miƙa wa na gabanta, shi kuma ya miƙa wa direba. Ashe haka suke biyan kuɗin mota, daga hannu zuwa hannu har ya isa gaba, canji kuma ya biyo hanyar ya dawo. Motar ta ɗauki dariya. Dattijon har da share hawaye, yana ta cewa ma'alesh ya Hajja, wai ba komai Hajiya. Da zan sauka na miƙa nawa, suka ce an biya.

Na yi istigfari har gida. Da budurwar nan ba ta nan, da na sauka da haƙƙin mutane a mayafina ina sa musu albarka.

Auta ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Inna, sana'a kika samu ba ki faɗa mana ba?" Rabon da in ji ta tana irin wannan dariya tun Malam na da rai.

Asabar, 26 ga Oktoba.

Ganyen turare ya yi. Ƙamshinsa har matakala.

Talata, 29 ga Oktoba.

Ina gasa mata jiki sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Inna, saura shekara ɗaya da rabi in karɓi takardar shahada. In na tafi yanzu sai dai in sake daga farko, in ma an karɓe ni."

Na ce, "Yarinyar fa? Wa kike da shi a nan? Ko mai karɓa miki ita ki yi salla babu."

Hawayenta ya ɗiga a cinyata. Na ci gaba da abin da nake yi.

Gaskiya na faɗa. Garin da ko ruwan zafi sai an auna, a nan za a yi goyo? Amma bayan la'asar na tsaya a taga ina tuna gidan Yerimaram, yadda nake dafa tuwon mutum ɗaya ya kwana. Ban san wanne ne a cikin biyun ya yi magana da bakina ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba.

Yanzu na san bas ɗina. In na samu kujerar bayan direba ni nake tara masa kuɗin in mayar wa kowa canjinsa. Abin da ke ba ni mamaki, ba wanda ke bin hannuna da ido.

Talata, 5 ga Nuwamba.

Mun kai Murja asibiti, cibiyarta ce ta yi ja. Ba na son mai jego ta fita kafin arba'in, amma lalura ce. Sun ce ba komai, suka ba da magani.

A dawowa muka shiga babbar bas, cike maƙil, ba wurin zama. Ni ke riƙe da jaririyar, motar tana jijjiga ni. Wata mata da ke zaune ta buɗe hannu kawai. Na ƙanƙame. Auta ta ce, "Ba ta, Inna, haka ake yi." Na ba ta. Matar ta lulluɓe ta da gefen gyalenta tana karanta mata Falaƙi da Nasi. Wannan kam na ji shi sarai.

Turereniya ta tura mu har bakin ƙofa, ga tasharmu ta zo, ga yarinya can tsakiyar mota. Sai na ga an ɗaga ta sama. Matar ta ba wata, ita kuma ta ba wani mai kayan soja, shi ya ba wani tsoho mai rawani, kowa yana tallafe mata kai yana bismilla. Wani ya buga jikin motar don direba ya jira. Ta iso hannuna ko farkawa ba ta yi ba.

Na rungume ta gam har hawa na biyar. Auta ba ta yi mini gori ba, Allah ya yi mata albarka.

Lahadi, 10 ga Nuwamba.

Ummu Sayyid ta ce in Auta ta koma makaranta a riƙa bar mata yarinyar da safe, 'ya'yanta duk sun yi aure. Na dai shiga gidanta da sunan mayar da kwano. Na duba madafi, na duba banɗaki. Tsaf. Akwai dadduma a shimfiɗe, wurin goshi ya koɗe. Allah ya yafe mini leƙe-leƙe.

Na nuna mata yadda ake goyo da zane. Ta goya matashin kai tana zagaya ɗaki tana rangaji.

Alhamis, 14 ga Nuwamba.

Auwal ya tambaye ni ranar da zai je ofishin jirgi, da kujera nawa. Na ce ya bari tukuna, kaina na ciwo.

Litinin, 18 ga Nuwamba.

Jibi arba'in. Wani ɗalibi ɗan Ngojin zai tafi gida gobe, Auwal ya aro rakoda na yi wa Ya Kaka kaset, tunda ba ta karatu. Na sa su fita falo kafin in danna.

Na gaishe ta, na gaida Sajo da yara. Na ce jaririya ta yi ɓulɓul, hancin Malam ne sak. Na ce sanyi ya fara, kuma ba shi da kyau a hau jirgi da ɗanyen goyo a irin wannan lokaci, don haka wataƙila ni kaɗai za su gani. Sanyin ne kawai. Na ce ta je wurin mahaifin Auwal ta faɗa masa da bakinta, ita ce babba, ni nauyinsa nake ji. Ɗakin da aka shafe kuma kada ya zauna a rufe, in za ta yarda ta kwaso kayanta ta dawo mu zauna tare, ita ma ai ita kaɗai ce a can Danchuwa.

Nan na share idona da bakin mayafi, kaset yana ta juyawa. Da na samu kaina sai na ce, Yaya, akwai mai dawowa nan farkon wata. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.