Dutsen da Saje Ya So

Bangi, 2 ga Disamba 1996

Yaya Alhasan,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Garwa, yaya su Rahmatu? Mu dai tun da sojoji suka sake bore an rufe makarantarmu, sai zaman gida da jin ƙarar bindiga.

Ka san duwatsuna, katantanwa da ƙumba da suka zama dutse, waɗanda direbobi ke tsinto mini a tudun ƙasar Tawa shekara ashirin ke nan. To sun jawo mini magana. Ran Laraba harsasai suka huda gidaje uku a layinmu na Kokoro, nawa bai samu ko ƙwarzane ba. Kafin la'asar an ce duwatsun Malama Ikilima maganin bindiga ne.

Jiya wani saje daga cikin masu boren ya zo da mutum biyu. Da yaren Sango ya ce, "Mama, ba ni yoro ɗin nan." Magani yake nufi. Babban yake so, mai naɗi kamar ƙahon rago. Na ce, "Wannan dabbar teku ce, ta mutu tun Tawa tana ƙarƙashin ruwa." Ya yi dariya, ya ce zai dawo.

Ba zan ba shi ba.

Ƙanwarka,
Ikilima

Garwa, 11 ga Disamba 1996

Zuwa ga Ikilima,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Takardarki ta iso ta hannun Ya'u direba, kuma ban ji daɗinta ba.

Tun kina yarinya kike da taurin kai. Mai bindiga ya ce ki ba shi dutse, mene ne abin jayayya? Ki ba shi. In ya ce magani ne, ki ce Allah ya sa ya yi amfani. Don Allah, dutse ya ƙare a Tawa ne? Mijinki ya rasu, babu namiji a gidan. Ki kwashe tarkacen ki miƙa masa, ki biyo Ya'u ki taho. Umarni ne, ba shawara ba.

Allah ya tsare.
Alhasan Dabo

Bangi, 20 ga Disamba 1996

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri, ban bi umarninka ba.

Da ya ce sha'awa yake yi, wallahi da na ba shi har da bayani. Amma a aljihu zai sa shi ya shiga gaban harsashi, na bayansa su bi shi. Shekara sha takwas ina koya wa 'ya'yan mutane gaskiya, ba zan tura ɗan wani kabari da ƙaryata ba.

Ya dawo ran Juma'a, daidai ana fitowa daga masallacin Kuduku, layi cike. Na fito da tebur ƙofar gida, na ɗora babban, na aro guduma wurin Sha'aibu makanike. Saje ya ɗaga bindiga ya ce, "Kada ki taɓa shi!" Na ɗaga gudumar. Na ce, "Tsaya ka ga maganinka." Bugu ɗaya ya rabe biyu.

Na ce, "Abin da bai tare guduma a hannun tsohuwa ba, shi zai tare harsashi?"

Ya mare ni har ɗankwalina ya faɗi. Mutane suka matso, ba wanda ya ja baya. Ya dube su, ya tofar da yawu, ya tafi.

Da na shiga ɗaki na yi kuka. Ba don marin ba. Dutsen nan shi na fi so a cikinsu duka.

Ba na tahowa. Sauran ɗari da arba'in suna nan a kan katakonsu.

Ikilima

Bangi, 23 ga Disamba 1996

Yaya,

Ya'u bai kama hanya ba tukuna, ga ƙari. Yau na iya duban ɓarin dutsen. Ashe cikinsa ɗaki-ɗaki ne, kowanne shafe da ƙananan ƙwayoyi farare masu walƙiya. Shekara tara yana hannuna ban sani ba.

Kada ka gaya wa kowa. A garin nan, kafin magariba za a ce lu'ulu'u ne.

Ka huta lafiya.
Ikilima